Allin da Kawu Bai Goge Ba

Na Allah ne mu, kuma gare shi Kawu ya koma ranar wata Talata tsakanin la'asar da magariba, a kujerar baya ta rakshata, babur ɗina mai ƙafa uku. Ina tuƙi, kansa yana kan cinyar babbar 'yata, fuskarsa fara fat da alli. Ƙanin mahaifiyata ne, malamin sakandare a unguwar Alsawra har ya yi ritaya, kuma ko bayan ritayar bai rabu da makarantar ba. Ɗalibansa suna ce masa Ustaz. Ni dai Kawu na sani.

Ba mu kafa rumfar makoki ba. A Umdurman ta shekarun yaƙin nan, taron mutane gayyata ce ga masu cillo dana daga ƙetaren kogi, kuma dana, wato harsashin igwa, ba ta tambaya ko biki ake ko mutuwa. Muka shimfiɗa tabarmi a gindin katangar da ta fi kauri, aka ce kowa ya ɗaga hannu ya yi Fatiha ya wuce. Babu wanda ya wuce.

Wani tsoho da suka tsinci auduga tare da Kawu a gonakin Jazira suna yara ya zauna yana dukan ƙasa da sanda. "Taurin kai!" in ji shi. "Tun yana ɗan mitsitsi haka yake. Na ce ya zo mu koma ƙauye, ya ce wai shi yana da aji." Limamin unguwarmu, wanda sau biyu ya faɗa a masallaci cewa tsoho mai furfura ya shafa alli a fuska wauta ce, shi ya sallaci gawar, kuma sai da muryarsa ta karye a kabbara ta biyu. Jikokinsa biyu suna cikin yaran da Kawu ya tsare. Matan takiyya, masu dafa wa unguwa waken adas kyauta a babbar tukunya, suka aiko da abinci babu wanda ya taɓa. Ana cikin haka wata yarinya da ba ta wuce shekara huɗu ba ta kuɓuce wa uwarta, ta zo gaban kujerar ƙarfen da Kawu yakan zauna, ta kwanta rub da ciki tana buɗe hannuwa tana rufewa kamar bakin kada, tana jira a zo a kama ta. Manyan mutane suka juya fuska wajen katanga.

Babban ɗan Kawu, taubashina, ya iso washegari daga wajen haƙar zinare a arewa, an riga an binne. Ni da shi ba mu taɓa haɗuwa ba zagi ba. Shi ya ce mini ɓarawon ƙusoshi, ni in ce masa ɓeran rami. Ran nan ko kallona bai yi ba. Tun a hanya an faɗa masa abin da wani ma'aikacin asibiti ya ce, wai da an kawo tsohon da wuri wataƙila da an tsayar da jinin. Ya tarar da ɗaliban ƙungiyar wasan kwaikwayon ubansa tsugune a ƙarshen tabarma. Ya shaƙe mafi girmansu, ya buga masa kai da katanga har hanci ya fashe.

"Wa ya fi kusa da shi?"

Saurayin yana haki ya ambaci 'yata. Taubashina ya sake shi ya nufi ƙofar mata.

"Ke! Fito! Kin ga jinin ubana, kika shige ɗaki kika kwanta? Ba ki da baki ne? Hannun rigarki jininsa ne, kowa ya gani!"

Ta fito ta tsaya, ba ta ce uffan ba. Daga lokacin mata suka fara ƙus-ƙus, ita kuma ta daina ci, ta daina magana. Shekararta goma sha shida. Ina zaune a kan tabarma, na san abin da zai wanke ta, na yi shiru. Zan zo ga wannan. Bari in fara faɗin wane ne mutumin.

Kawu gajere ne, baƙi, mai manyan kunnuwa da idanu masu motsi kamar na ƙadangare. Ba ya iya tafiya a hankali. Yana shan shayi ba sukari tun kafin sukari ya yi wuya, kuma yana cin ful, wato dafaffen wake, da barkonon da zai sa jaki atishawa. Larabci yake koyarwa, amma abin da aka san shi da shi ƙungiyar wasan kwaikwayo ce ta makarantar, musamman irin wasan da ba a magana a cikinsa, sai jiki da fuska. Mutanen unguwa suna ce masa wasan bebaye. Shi ba ya jin haushin sunan. Yakan ce, "Baki yana ƙarya, gwiwa ba ta yi. In kana son sanin mutum ya tsorata, dubi ƙafarsa." Yakan kuma ce yaro ba ya bin umarni, wasa yake bi.

Ba waliyyi ba ne. Yana da zafin rai, kuma sandarsa ta dogarawa ta san bayan mutane da yawa, har da nawa. Ya taɓa shekara guda ba ya gaisa da ƙaninsa a kan wata akuya da ta ci masa shukar lemo. In ya yi kuskure ba ya ba da haƙuri da baki. Sai dai ka ga ya zo ya zauna kusa da kai yana kwaikwayon yadda kake fushi har dariya ta ƙwace maka.

Ni dillalin kayan raksha ne. Na fara da tsintar tsofaffin ƙusoshi a bakin tasha, har Allah ya ba ni shago a kasuwar Suk al-Arabi ta Khartum. Ina gane injin da aka yi wa kwaskwarima tun kafin a buɗe shi, da kunne kawai. A makonnin farko na yaƙin na yi gangancin ƙetara gada zuwa Khartum don in kwaso abin da ya rage a shagon. Na tarar an fasa shi, an kwashe, an cinna wa sauran wuta. Samari masu bindiga suka tare ni a bakin ƙofar. Ɗaya ya doke ni da gindin bindiga a baki, haƙora biyu suka zube. Wani ya taka mini idon sawu da takalmin soja har na ji ƙashin ya ce ƙas. Suka bar ni cikin toka da fasassun kwalabe, kusa da gawar wani mai sayar da shayi wadda ƙudaje suka rufe.

Wanda ya zo nemana Kawu ne, da ƙafa, yana tura baron da ya aro wajen magina. Mutum mai shekara saba'in da ɗoriya. Ya ɗora ni kamar buhun gawayi. A shingen bakin gada suka tsayar da mu, suka cire masa rawani suka jefa a kwata, wani yaro da ko gemu bai fara ba ya zabga masa bulalar tiyon ruwa a baya har jallabiyar ta tsage.

"Tsoho, yi mana tsallen kwaɗo!"

Kawu ya tsuguna. Ya kumbura kumatu, ya zaro idanu, ya yi tsalle ɗaya, ya tsaya yana bin wani ƙuda da babu shi da ido, ya cafke shi da harshe, ya haɗiye, ya shafa ciki. Mai bulalar ya fashe da dariya har bindiga ta kusa faɗuwa daga kafaɗarsa. Suka ce mu wuce. Da muka sauka gada ta ɓangaren Umdurman, jini yana bin bayansa, na ce cikin fasasshen bakina, "Kawu, ba ka ji kunya ba?"

"Kunyar me? Wasa na yi. Sai dai ban taɓa samun 'yan kallo marasa tarbiyya irin waɗannan ba. Rufe bakinka, kana zubar mini da jini a baron mutane."

Makarantu suka rufe. Tasu Kawu ta zama masaukin mutanen da suka gudo daga unguwannin da aka ƙone, kowane aji iyali biyar ko shida, da yara ƙanana birjik. Wata safiya dana ta faɗo kusa da layin ɗiban ruwa a bayan makarantar. Ta farkon ba ta kashe kowa ba. Amma yara suka firgita suka watsu a titi suna ihu, sai ta biyun ta sauka a tsakiyarsu. Haka masu harbin suke yi, ɗaya ta bi ɗaya. Kawu yana cikin waɗanda suka tattara abin da ya rage. Na gan shi ya kwance rawaninsa ya naɗe wani abu ƙarami a ciki, kuma ban tambaye shi mene ne ba. Bayan ranar, yara da yawa a makarantar suka daina magana. Wasu suna fitsari a tsaye in an rufe ƙofa da ƙarfi.

Sai ya bi gida gida ya tattaro ɗaliban ƙungiyarsa da ba su gudu ba, samari da 'yan mata takwas, har da 'yata. Suka daka ragowar allin allo, suka kwaɓa da ruwa da ɗigon mai a gwangwanin halawa, suka shafe fuska. Kullum bayan la'asar suna yi wa ƙananan wasa a filin makarantar: mai kitso da ta kitse kanta da na mai zuwa kitso wuri ɗaya, direban raksha da fasinja mai ƙiba, ɓarawon kaza da kazar ta fi shi wayo. Babu kalma ko ɗaya. Yaran da suka fito daga ƙabilu daban daban, wasu ko Larabcin ba su iya ba, duk suna ganewa.

Babban wasan shi ne na kada. Kawu ne masunci. Yana tsayawa a bakin ƙofar makarantar da sandarsa a matsayin fatsa, yana jan ƙaton kifi, kifin ya doke shi a ciki, ya riƙe kwiɓi yana tangaɗi. Da zarar an buga ganga, ɗaliban su zube ƙasa su zama kadoji, yara su bi su da jan ciki, su gudu daga masunci su shige kogi. Kogin shi ne aji ɗaya tilo mai rufin kankare. A cikin kogi kada ba ya motsi, ba ya magana, ba ya fitowa sai masunci ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfe sau uku da sanda. Kullum sai sun yi shi. Yaran sun ɗauka wasa ne. Abin da Kawu yake koya musu shi ne in sun ji ƙara su kwanta su ja ciki zuwa ɗakin, kada su nufi titi, shi kuma ya tare ƙofar da jikinsa.

Ni ban ga hikimar ba a lokacin. Abin da na gani shi ne 'yata budurwa tana dawowa gida da alli a bayan kunne, gwiwoyin rigarta duk ƙasa, maza suna kallonta tana jan ciki. Na ce ta daina. Ta ce Kaka ya ce ta zo, don haka take kiran Kawu. Na mare ta, marin da ya jefa ta jikin randa.

Washegari da hantsi ina ƙofar gida ina kwance wani tsohon inji, sai ga Kawu da gwangwanin allinsa a hannu. Bai yi sallama ba. Ya zabga mini sanda a kafaɗa.

"Wannan na marin ne."

"Kawu, 'yata ce!"

"Matata ce kafin ta zama 'yarka," in ji shi, don wasan jika da kaka bai taɓa barin bakinsa ba. "Kai, ɗan ƙusoshi, zo ka zauna rana ɗaya ka ga yadda muke aiki. Muna da alamu da kowane babba a unguwar nan ya kamata ya sani. Minti goma ya ishe ka."

"Ni da baki nake ciniki, Kawu. Ban iya zancen bebaye ba, kuma ba na son koya."

Na sa ƙafa na shure gwangwanin da ya ajiye a ƙasa. Allin ya malale cikin baƙin mai. Ya durƙusa da tsufansa ya kwashe abin da zai kwasu da yatsu, ya miƙe, ya dube ni. Sai ya murtuke fuska, ya turo ciki, ya shuri iska, ya riƙe ƙafa yana tsalle kamar ya shuri dutse. Maƙwabta suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na bar yarinyar ta koma don uwarta ta sa baki, amma ban taɓa zama na kalli shirinsu ba.

Ranar Talatar na je makarantar ne don in sauke wa matan takiyya itace da buhun adas. Na tarar ana wasan mai kitso, yara zaune a ƙasa suna ƙyalƙyala dariya. Ina kwance igiya sai na ji fito a sama, sannan ƙasa ta girgiza. Danar ta faɗi bayan katanga, dab da ƙofa. Ƙura ta turnuƙe, gilashin tagogi ya zubo, wata mata ta ƙwalla ƙara.

Ɗaliban takwas suka zube ƙasa a tare kamar an yanke musu igiya. Suka fara buɗe hannuwa suna rufewa. Yaran suka yi tsit na daƙiƙa guda, idanunsu a kan ƙofar titi. A bakin ƙofar ga masunci tsaye, fuska fara, ya ɗaga fatsarsa, ya riƙe kwiɓi yana tangaɗi, yana zaro ido. Wani yaro ya yi dariya, sauran suka kama. Suka kwanta suka bi kadoji.

'Yata ce wutsiya, ita ke bin na ƙarshe, don haka ita ce kusa da shi. Na ga ta miƙe rabi, ta ɗaga hannu wajen fuskarta. Na ga Kawu ya cafke wuyan hannun, ya juya ta sau ɗaya kamar rawa, ya tura ta cikin layi, ya girgiza mata yatsa. Ina rarrafe zuwa ajin tare da mata, amma wallahi sai da na yi murmushi. Na ce a raina, tsohon nan ko a bakin kabari sai ya yi wasa. Ni da nake gane lalataccen inji da kunne, na kalli mutum da ƙarfe a cikinsa na ɗauka kifi ne ya doke shi.

Muna shiga aka ja ƙofa, ta biyun ta sauka a tsakiyar titi, daidai inda yaran za su kasance da sun fita. Ta uku ta rushe ɗakin girki. Muka kwanta cunkushe, ɗaliban sun kifa a kan ƙananan, fuskokinsu a ƙasa. Ina jikin ƙofa. 'Yata tana can ƙarshen ɗakin, yara uku maƙale da ita. Ta ɗago kai ta nemi idona har ta samu. Ta sa tafin hannu ta share fuskarta daga goshi zuwa haɓa, a hankali, tana kallona. Ta sake yi. Ta sake. Na ɗauka gumi ne ko kuka. Na ɗora yatsa a leɓena, na yi mata alamar ta kwanta.

Muka jira ƙwanƙwasa uku. Harbin ya lafa, muka ci gaba da jira, don yaran ba za su motsa ba sai masunci ya buga, mu manya kuma mun ɗauka yana ɗakin maigadi yana sauraron sama. Daga ƙarshe 'yata ta ɓamɓare yaran daga jikinta, ta taka mutane, ta ture ni daga ƙofa ta fita. Yana zaune jingine da ƙofar titi, ya sa sandar ya tokare ta. Jini ya jiƙe ƙasa har ƙarƙashin ƙafafunsa. Yana numfashi. Bai kai asibiti da rai ba.

Ni da liman muka yi masa wanka. Ina fitowa ɗiban ruwa, matar Kawu ta kira ni ta bayan labule.

"Ɗana, fuskarsa. Ya goge?"

"Goge me, Inna?"

"Allin."

"Bai goge ba. Yana nan cif, sai inda gumi ya tsaga."

Ta yi ajiyar zuciya. "To shi ya zaɓa. Ƙa'idarsu ce. Wanda ya shafa alli ba shi da baki. In abu ya zama na gaske, sai ya share fuska da tafin hannu daga goshi zuwa haɓa. Duk wanda ya gani ya san wasa ya ƙare, a kawo ɗauki. Da ya goge, da yaran nan sun watse a kansa."

Butar ta faɗi daga hannuna. Inna ba ta san abin da ya faru cikin ajin ba. Ɗaliban ba su gani ba, fuskokinsu suna ƙasa. Mutum biyu ne kawai suka sani, ni da 'yata.

Akwai al'adar da kowa ya sani, cewa mai wankan gawa ba ya faɗin abin da ya gani. A bayanta na ɓuya kwana biyu. Taubashina yana zagin 'yata ina gaya wa kaina amana nake riƙewa. Ƙarya ce. Abin da aka hana faɗa aibin mamaci ne, ni kuwa nawa aibin nake rufewa. Ita kuma yarinyar, in ta buɗe baki ta ce ta yi alama, dole a tambaye ta wa ta yi wa. Shi ya sa ta yi shiru. Ta gwammace a ce ita ta bar kakanta ya mutu da a ce ubanta ne.

Ranar uku, bayan an yi addu'a za a naɗe tabarmi, uwar yarinyar ta aiko a gaya mini ko ruwa ba ta sha, leɓenta ya tsattsage. Na miƙe.

"Jama'a, a dakata. Malam liman, kai ka ga fuskar Kawu a wajen wanka. Allin yana nan ko babu?"

"Yana nan," in ji liman.

Na juya ga ɗaliban. "Ku faɗa wa mutane ma'anar gogewa."

Saurayin da aka fasa wa hanci ya faɗa. Na ce Kawu yana da hannu biyu da lokaci, bai goge ba. Na ce 'yata ta ɗaga hannu za ta goge tun a fili, shi ya riƙe ta, jinin hannun rigarta daga tafinsa ya fito. Sannan na faɗi sauran.

"A cikin aji ta goge. Sau uku, tana kallon idona. Ni ne a bakin ƙofa, ni ne mai raksha a waje. Kawu ya zo har gidana ya ce in koyi alamun nan, na shure masa gwangwani. Ta kira ni, na ce ta yi shiru. In akwai wanda ya bar shi ya zubar da jini, ga shi tsaye."

Taubashina ya taso. Ban kare ba. Naushin farko ya same ni a bakin da aka riga aka fasa, na biyu a ƙirji, na faɗi kan tiren shayi, kofuna suka tarwatse. Ya hau kaina ya shaƙe ni, mutane suna jansa, tsohon Jazira yana zuba masa sanda a baya yana cewa, "Irin ubanka! Irin ubanka!" Da aka ɓamɓare shi ya zauna a ƙasa, ya rufe kai da hannu, ya yi kukan da bai yi ba tun zuwansa.

Can ya miƙe ya tafi ƙofar mata. Wannan karon bai ɗaga murya ba. Ya ce a kira masa 'yata. Da ta fito ya durƙusa a gabanta, ƙato mai gemu.

"'Yata, na zalunce ki. Ki yafe mini."

Ta dube shi, ta dube ni ina tofar da jini. Sannan ta ce, "A ba Baba ruwa ya wanke bakinsa." Ita ce maganarta ta farko. Uwarta ta kawo kofi biyu, ta tsaya a kanta sai da ta shanye nata.

Ba zan ce komai ya koma daidai ba. Taubashina ya koma arewa bai ce mini ɓarawon ƙusoshi ba, kuma ban san ranar da zai sake faɗa ba. Ban san ko Kawu zai rayu ba da na fita da shi tun a gogewar farko. Ma'aikacin asibitin "wataƙila" kawai ya ce, kuma da wannan wataƙilar zan zauna har in tarar da shi.

Bayan mako biyu yaran makarantar suka fara taruwa da la'asar a fili, suna kallon ƙofar titi. Ɗaliban suka ce za su ci gaba, amma babu masunci, kuma wasan ba ya yiwuwa sai da babba a bakin ƙofa. Inna ta aiko mini da sandar da gwangwanin halawa, wanda har yanzu gefensa a lotse yake inda na shura. Na zauna kwana huɗu a gaban 'yata tana koya mini alamun ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗaga mini ƙafa ko sau ɗaya ba. Ban iya tangaɗi ba. Yara suna dariya ne don na fi kama da wanda kunama ta harba.

Ranar farko ita ta shafa mini allin da yatsunta. Ta cika goshi, ta cika kumatu, ta zagaye inda leɓena ya fashe. Da ta gama ta riƙe haɓata ta dube ni.

"Baba, in da gaske ne ka goge. Ni zan gani."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zafin ransa da sandarsa, ya sa jinin da ya zubar a bakin ƙofar nan ya zama sanyi a kabarinsa. Ya raya yaran da suka ja ciki suka wuce shi suna dariya, ya kuma kawo ranar da za a yi wasan kada a Alsawra don wasa kawai. Amin.